Tsohon Inji ko Sabon Yayi? Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Sayen Akori-kura Don Aikin Gona

Duk shekara idan kaka ta ƙarato, bayan maganar taki da ta ajiyar hatsi, tambayar da na fi samu daga shugabannin ƙungiyoyi ita ce ta mota. Kuɗin hayar kai kaya kasuwa ya ishi kowa, musamman tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur. Sai ka ga ƙungiya ta haɗa kuɗin adashe da ɗan rance tana neman akori-kura ta kanta. Yawanci da hoto ake zuwa mini a waya: ga fenti yana ƙyalli, ga sababbin tayoyi, ga kujeru da leda. In na ce wane inji ne a ciki, sai a kalli juna.

Alhali bodi ana yi masa walda, fenti ana sakewa, kujera ana ɗinkewa. Injin ne zai nuna ko motar za ta ciyar da ƙungiya, ko ƙungiyar ce za ta dinga ciyar da ita.

Ni malamin gona ne, ba bakanike ba. Amma aikinmu ya sa kullum muna bayan waɗannan motoci a hanyoyin ƙauye, mun ga waɗanda suka kai mu, mun ga waɗanda suka kwanar da mu a daji. Zan fi yin misali da Toyota Hilux domin ita ce ta cika ƙasar nan tun bayan da Peugeot 404 da 504 na kamfanin Kaduna suka ja baya. Abin da zan faɗa a kanta ya shafi sauran ma.

Me ake nufi da tsoho, me ake nufi da sabo

Ba shekarar da aka ƙera mota ake nufi ba, tsarin injin ake nufi. Akwai Hilux da ta fito bayan 2015, sumul da ita, amma injin cikinta 5L-E ne, wanda asalinsa tun shekarun 1990. Kamfanin ya ci gaba da saka shi a motocin da ake kawowa wasu ƙasashen Afirka, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke saya, saboda ya san irin man da za su sha da irin garejin da za su shiga. Akwai kuma motar 2006 da ta tsufa tukuf amma injinta na sabon tsari ne, mai kwamfuta.

Bambancin yana wajen yadda mai ke shiga inji. A tsohon tsari, ƙarfe ne ke auna mai: kafireta a motar fetur, famfon injekta a motar gas. A sabon tsari kuwa kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke karɓar labari daga sansa iri-iri ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi. Wannan ne ya sa sabon inji ya fi ƙarfi ya kuma fi tsimin mai. Wannan ne kuma ya sa ba kowane gareji ne ke iya taɓa shi ba.

Tsofaffin injinan gas: 3L da 5L

Injin 3L lita 2.8 ne, 5L kuma lita 3.0. Dukansu ba su da tobo, wato na'urar nan da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Ƙarfinsu ɗan kaɗan ne: 3L wajen doki 90, 5L-E tsakanin 95 da 105, ƙarfin jansu bai kai Nm 200 ba. In ka ɗora buhu goma na masara ka doshi hawa, za ka ji motar tana nishi, ka sauko giya biyu, babura suna wuce ka. Direba mai gaggawa ba ya son su.

To me ya sa har yanzu ake rububinsu? Saboda haƙuri. Famfonsu ba ya aiki da matsi mai tsanani, don haka in an yi rashin sa'a gas ya zo da ɗan datti, sau da yawa abin ya tsaya ne a toshewar filta ko a wanke nozul. Kuma kusan duk babban gari akwai mai gyaran famfon injekta, domin irin aikin da suke yi wa tarakta da injin niƙa da manyan motoci ne. A cire famfo da safe, a kai shi, a dawo da shi da yamma. Wayoyin lantarkinsu kaɗan ne, in ka ɗebe 5L-E da aka ƙara wa famfonsa kwamfuta. Shi wannan yana tsaka-tsaki, amma dai nozul ɗinsa na da ne.

Sai dai kada son tsohuwar zuma ya rufe mana ido. Motar da ke ɗauke da 3L a yau ta haura shekara 20, wata 30. Injin ya sha buɗewa, an yi masa ringi, an goge karanshaf, ba wanda ya san sau nawa. Kan silindarsu ba ya son zafi ko kaɗan: in ruwan lagireto ya ƙare direba bai lura ba, yana iya tsagewa. Kuma da bel suke aiki, ba sarƙa ba. Ƙa'idar 3L a canja taimin bel duk kilomita 100,000. In ya tsinke mota na tafiya, fistin zai daki bawul, aiki ya zama babba. Duk wanda ya sayi irin wannan mota, abu na farko shi ne ya sa sabon bel na asali, ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka canja.

Da sanyin hunturu kuma sai an jira hita ta ɗumama kafin a tayar. In ka ga ana tura motar gas da asuba, galibi filogin hita ne suka mutu, ba wani babban abu ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi sun fi mu sanin wannan dangi na injina, ta wajen Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke ɗauke da 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wajen doki 130, ba tobo. A 1990 aka fara yin sa. Inda gari da gari ke da nisan yini cikin rairayi, babu kamarsa. Amma kuɗinsa da shan mansa sun fi ƙarfin yawancin ƙananan ƙungiyoyi, don haka na ambace shi ne kawai.

Sababbin injinan gas: D-4D da waɗanda suka biyo baya

In ka ga an rubuta D-4D a jikin Hilux, to injin kwaman-rel ne. Yadda yake aiki: famfo yana tara gas a cikin bututu guda da matsin da ya ninka iskar tayar mota sau fiye da 500, sannan injektoci masu lantarki su fesa shi ta ƙofofin da suka yi siririn gashi. Hilux da ta fito daga 2005 tana zuwa da 2KD, lita 2.5, ko 1KD, lita 3.0. Shi 2KD ya fara daga doki 102, na baya-bayansa sun kai 144. Shi kuwa 1KD doki 163 zuwa 171 ne, da ƙarfin ja Nm 343. Daga 2015 aka kawo 2GD, lita 2.4, wajen doki 150 da Nm 400, da kuma 1GD, lita 2.8, doki 177, wanda aka ƙara wa ƙarfi a 2020 ya kai doki 204 da Nm 500 a mai giyar otomatik.

Ku duba fa: 2GD ya fi 5L ƙanƙanta, amma ƙarfin jansa ya ninka nasa biyu, kuma yana ba da shi tun inji bai yi kuka ba. Ga mai ɗaukar kaya wannan shi ne abin nema. Mota da lodi tana tashi daga cikin yashi ko laka ba tare da an ƙona kuloci ba, a kan kwalta tana tafiya da sauri, kuma ta sha mai ƙasa da tsohuwar. Injinan GD sarƙa gare su maimakon bel, an huta da wannan. Na KD bel ne, ana canjawa a kilomita 150,000, akwai ma fitilar da ke kunnuwa a dashbod don tuni. Wanda zai riƙa jigilar hatsi daga Saminaka ko Giwa zuwa Dawanau duk mako, ko albasa zuwa kudu, in ya hau ɗaya daga cikin waɗannan ba zai so komawa tsohon ba.

Matsalar ɗaya ce, kuma babba ce: mai. Gas ɗin da kansa shi ne ke shafa wa famfo da injekta santsi. In an gauraya shi da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya ci ƙarfe, ɓurɓushin ya bi bututu ya shiga injektoci huɗun gaba ɗaya. In ruwa ne a ciki, tsatsa. In ƙura ce, ta faɗaɗa ƙofofin feshin. Injektan da ya lalace kuma ba tsayawa kawai yake yi ba, wani lokaci zuba mai yake yi fiye da kima har ya ƙona fistin. Sannan in an sa sabo, sai an shigar da lambarsa cikin birenbos da kwamfuta. Bakaniken bakin kasuwa, duk iyawarsa, ba shi da wannan kayan aiki.

Na ga wannan da idona. Wata ƙungiyar masu noman rani da nake zagayawa ta sayi mai D-4D, shekarar farko kowa na yabo. Rani na biyu, ana tsakiyar ɗiban tumatir, direba ya ga gas na jarka a bakin hanya ya fi na gidan mai sauƙi, ya zuba. Ba ta mutu nan take ba. Ta fara da wuyar tashi, sai farin hayaƙi, sai wata rana ta tsaya da kwanduna a baya. Janyo ta aka yi zuwa birni. Kwana tara tana gareji ana jiran kaya, su kuma suna biyan hayar da suka sayi mota don su guje mata, ga kuɗin injekta huɗu a kansu. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Rarar da direban ya samu a jarkar nan ba ta kai kuɗin kwando ɗaya ba.

Ba ina cewa a guji waɗannan injina ba ne. Ina cewa suna da sharaɗi. Gidan mai guda amintacce mai ciniki da yawa, ba a canjawa. Filtar gas ta asali, a kan lokaci. Akwai ɗan kofi a ƙasan filtar da ke tara ruwa. In fitilarsa ta kama a tsaya a zubar, ba a ce sai an isa gida ba. Ƙungiyar da ke ajiye gas a duro ta bar shi ya kwanta kwana ɗaya ko biyu kafin ɗiba, kada a zuƙo na gindi, kada a bar duro a tsaye ruwan sama na taruwa a kan murfi. Wasu suna ƙara filta ta biyu kafin ta kamfani, kuma ina ganin kuɗin da aka kashe a nan bai tafi a banza ba. Tobo kuma yana son baƙin mai mai kyau, yana son in an dawo daga doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin a kashe.

Sai wani abu da ya shafi motocin da aka yi don Turai. Dokar hayaƙi a can ta sa ana saka musu wata tukunya a salansa mai suna DPF da ke kama baƙin hayaƙi, wasu ma har da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue. Ita DPF tana ƙone abin da ta tara ne in mota ta yi doguwar tafiya da gudu, salansa ya yi zafi sosai. Aikin gona kuwa akasin haka ne: kilomita uku zuwa fadama a giya ɗaya, a tsaya, a yi lodi inji na kunne, a dawo. Sai ta toshe, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi. Kuma tana buƙatar gas mai ƙarancin sinadarin salfa da baƙin mai na musamman. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 cewa salfa kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan, amma mai sayen gas a ƙauye ba shi da hanyar auna abin da aka zuba masa. Ko a Ostireliya, inda mai yake da tsabta, sai da aka kai Toyota kotu kan DPF na motocin 2015 zuwa 2020, kotun tarayya ta yanke a 2022 cewa akwai aibi. Don haka in za ku sayi mai GD, ku tambaya don wace kasuwa aka yi ta, a leƙa ƙasa a ga ko tana da tukunyar.

Na fetur

A nan ne yawancin ƙungiyoyi a Najeriya za su tsinci kansu, domin galibin Hilux da ma'aikatu da kamfanoni suka saya sabuwa, suka yi gwanjonta daga baya, ta fetur ce.

Tsohon cikinsu shi ne 22R, lita 2.4, mai kafireta, na shekarun 1980 da 1990. Kowane yaron gareji ya san shi, da sukundireba da fulaya ake lallaɓa shi. Amma ya tsufa ƙwarai, kafiretar da ta sha hannu tana shan mai kamar rariya, kuma ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai in kuɗin ne iyakarsu ke nan, kuma aikin bai wuce cikin ƙaramar hukuma ba. Bayansa akwai 3RZ, lita 2.7, mai injekta, wajen doki 150, inji mai ƙwari.

Wanda ya gaje shi tun 2004 shi ne 2TR, shi ma lita 2.7, wajen doki 160 da Nm 240, da sarƙa maimakon bel. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yanayinmu, kuma zan faɗi dalili. Yana da kwamfuta, gaskiya ne, amma mai sauƙi ce, matsin mansa kaɗan ne, ba tobo. In fetur ya zo da datti, abin da ya fi lalacewa famfon cikin tanki ne ko nozul su toshe, kuma waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar na injektan gas ba. Babban abin kuma shi ne, irin injin da ke cikin bas ɗin Hiace da ake kira Homa ke nan. Duk garin da ke da tashar Homa akwai wanda ya san 2TR ciki da waje, kayansa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, sabo da na kwance. Aibinsa shan mai, da kuma cewa sai an taka shi sosai kafin ya ba da ƙarfinsa, don haka da lodi a hawa ba ya kamo ƙafar D-4D.

Injin fetur ne kuma ya fi sauƙin mayarwa ya yi aiki da iskar CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙara ƙaimi wajen turawa daga 2023. Kafin ku yi murna ku duba abu biyu: akwai wurin shan gas ɗin a hanyar da kuke bi kullum? Yawancinsu a manyan birane suke. Kuma tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin buhu ɗaya ko biyu a baya. In za a yi, a yi a cibiyar da aka amince da ita. A 2024 tukunyar da aka haɗa da walda ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin na jihar Edo.

Lissafin mai, ba tare da ruɗin kai ba

Farashi yana canjawa kowane wata, don haka ba zan sa naira a nan ba. Ga yadda za ku yi da kanku. A ce mai 2TR tana shan lita 13 a kilomita 100 da matsakaicin lodi, mai D-4D kuma lita 9. Misali ne, taku motar sai kun auna, amma ba su yi nisa da abin da ake gani ba. A kilomita 10,000 ke nan ta fetur ta sha lita 1,300, ta gas 900. Ku ninka kowanne da farashin yau a garinku. Za ku ga cewa muddin litar gas ba ta kusa kai ɗaya da rabin kuɗin litar fetur ba, ta gas tana da rara. In ta kai, rarar ta tafi.

To sai tambaya ta biyu, wadda ita ake tsallakewa: kilomita nawa za ku yi a shekara? Ƙungiyar da motarta ke aiki sosai wata uku na kaka da wata biyu na rabon taki, sauran lokaci tana ƙarƙashin bishiya, da ƙyar ta wuce kilomita 10,000 zuwa 15,000. Rarar lita 400 zuwa 600 ke nan a shekara, kafin a cire bambancin farashi. Ku je ku tambayi kuɗin injekta huɗu na asali da famfo, ku ajiye kusa da wannan rara. Sau da yawa gyara ɗaya yana cinye ribar shekara biyu ko uku. Amma in mota tana kan hanya kullum, kilomita 40,000 zuwa sama, lissafin ya juya, gas ya yi nasara ba ko tantama.

Inji mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota ƙashi

Wannan kuskure na sha ganinsa. An sayi mai doki 170, sai a ɗauka za ta ɗauki ninkin abin da mai doki 90 ke ɗauka. A'a. Nauyin da Hilux ke ɗauka bisa ƙa'ida yana wajen tan ɗaya ne, mai gida ɗaya ta ɗan fi, mai gida biyu ta ɗan gaza, kuma da direba da yaran mota ake lissafi. Wato buhu goma na masara mai kilo 100, ko buhun taki 20. Na san ana ɗora 18, na san ana ƙara sifirin. Amma birki da kusurwar baya da shasi ba su san an ƙara sifirin ba. Tsohon inji yana da wata fa'ida a ɓoye a nan: in an yi masa lodin zalunci ƙin tafiya yake yi. Sabon kuwa zai ja, ya kai ku gudun da birki ba zai iya tsayarwa ba. In kayanku kullum sun wuce tan biyu, ba akori-kura kuke buƙata ba, Kanta ko Daina za ku nema.

Haka nan in gonakinku na cikin fadama ne, samun mai ja da taya huɗu ya fi muku ƙarin doki 50.

Waɗanda ba Hilux ba

Mitsubishi L200 tana da injin gas 4D56, lita 2.5. A kula, suna ɗaya ne amma iri biyu ne: na da mai famfon ƙarfe, da na 2005 zuwa sama mai kwaman-rel da ake rubuta wa DI-D. Kuma bel biyu gare shi a ciki, babba da ƙarami. In ƙaramin ya tsinke yana iya shiga cikin babban ya jawo ɓarna, don haka tare ake canja su. Akwai ta fetur mai 4G64, lita 2.4, mai sauƙin sha'ani.

Motocin da ke zuwa daga Amurka kuwa, ku sani ba a sayar da Hilux a can. Tacoma ce a madadinta tun 1995. Mai silinda huɗu ta 2005 zuwa 2023 2TR ne a cikinta, wannan abin farin ciki ne. Mai silinda shida tana da ƙarfi da shan mai. Amma an yi ta ne don ɗaukar kaya ƙasa da na Hilux, kuma waɗanda suka fito daga jihohin ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, shasinsu na cin tsatsa. A shiga ƙarƙashi da guduma a ƙwanƙwasa. Manyan nan masu silinda takwas, ku bar wa masu kuɗin mai.

Sababbin motocin Chana suna da araha, wasunsu ma injinan da aka samo daga Mitsubishi ko Isuzu ne a ciki. Gwajin da nake ba da shawara a kansu ɗaya ne: kafin a biya, a je kasuwar kayan gyara mafi kusa a nemi filtar mai, da faifan kuloci, da famfon ruwa na wannan mota. In an samu ukun a rana ɗaya, to. In an ce sai an aiko daga Legas, ku san abin da kuka shiga.

To wanne za a ɗauka?

In aikinku daga gona zuwa kasuwar mako ne, birni na da nisa, direbobi kuma suna canjawa, ku nemi 2TR ko 3RZ. In gas kuke so, 5L mai lafiya. In kuna da jigila mai nisa duk shekara, da direba ɗaya da kuka yarda da shi, da gidan mai tsayayye, da gareji mai kwamfuta da bai wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu ba, to 2KD ko 2GD marar DPF zai biya ku. Da kuɗi ɗaya kuma, gara ƙaramin inji mai lafiya da babban da aka gaji da shi. D-4D da aka karya wa farashi, akwai dalili.

Ranar duba mota

Ku tafi da bakanikenku, ba na dillali ba, ku biya shi kuɗin yininsa. Ku ce kada a tayar da motar kafin ku zo, in kun isa ku taɓa injin ku ji ko da sanyi. Inji mai ɗumi yana ɓoye aibi da yawa.

Kafin a tayar, a murɗa makulli fitilun dashbod su kama duka, a tabbata ta inji tana ciki, sannan ta mutu bayan an tayar. Ana cire ƙwan fitilar nan ko a liƙe ta don kada ta tona asiri. Duk motar da ke da birenbos a sa mata kwamfuta. In ta kwaman-rel ce a ce a nuna yadda kowane injekta ke aiki.

A kalli hayaƙi. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko ruwa na shiga ko injekta na zuba. Baƙi mai yawa in an taka, mai ya fi iska, yana iya zama iyakilina ce kawai, yana iya zama tobo ko nozul. A buɗe murfin baƙin mai inji na aiki: in yana huci da hayaƙi kamar tukunyar ɗanwake, ringi sun tafi. In ƙasan murfin ya yi fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. A buɗe lagireto tun da sanyi a tayar, in kumfa na tasowa ba tsayawa, gaskit ne ko kan silinda.

A duba ko an cire tamostat. Al'ada ce a garejinmu, wai don ƙasarmu da zafi. A tsohon inji ana sha da ita. A mai kwamfuta kuwa, in inji bai kai zafin da aka tsara masa ba, birenbos zai yi ta ƙara mai yana zaton har yanzu safiya ce. Mota da aka cire wa tamostat kuma sau da yawa tana da tarihin zafi da ake rufewa. A leƙa salansa a ga ko an kwashe abin nan da ake kira indomi. A buɗe gidan iyakilina, a shafa bututun da ke bayanta: in akwai ƙura a ciki, injin ya sha ƙasa, kuma da irin ƙurar hunturunmu da ƙaiƙayin sussuka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a yarda da gwajin mota ba kaya. A ɗora buhu takwas ko goma, ko na yashi ne, a nemi hawa, a yi tafiyar rabin awa ana kallon allurar zafi.

Kada kuma fuskar mota ta ruɗe ku. Ana sauya wa ta 2007 fitilu da bamba ta koma kamar ta 2014. Ana cire injin gas a sa na fetur, wayoyi a bar su a ɗaure da salatif. Ana kawo mai sitiyari a dama a mayar da shi hagu. Lambar shasi da ɗan allon ƙarfe ko takardar kamfani da ke jikin mota su za su gaya muku shekararta da injin da ta fito da shi. A gwada su da lambar da ke jikin injin, a gwada da takardun mota da na kwastan, harafi da harafi. In an taɓa canja inji a nemi rasit ɗinsa. Takardar ciniki kuma a rubuta ta da sunan ƙungiya kamar yadda yake a rajista, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, shaidu biyu su sa hannu.